Lungun Nomau

Kakana Nomau ya ce
shekarar da Gulbi ya ci tsohon gari
sun hau tudu da tukwane a ka.
Ya kafa turke huɗu a saurar gujiya,
ya ce, daga nan zuwa gawon can nawa ne.
Ba a yi gardama ba. Babu kowa a wurin sai zabi.

Hanyar da ya bari tsakaninsa da maƙwabci,
raƙuma biyu kan gifta da kayan gishiri
ba su gogi juna ba.

Sai baƙo ya sauka, ɗan ƙanwar matar wani,
ya ce kwana uku.
Aka nuna masa gindin danga.
Kwana ukun nan yau jikoki goma sha ɗaya ne
da rumfar cajin waya.

Gujiya ta faɗi, fari ya koro ƙauye,
mutane suka shigo da tabarma da akuya guda.
Nomau bai iya a'a ba,
abin da ya iya shi ne, a matsa kaɗan.
Rumbu ya zama ɗaki.
Turken jaki ya zama ɗaki.
Rijiya ma aka yi mata azara, aka shafe da laka,
Tsahara ta haifi bakwai a kanta.
Ta ce in dare ya raba
tana jin ruwa na numfashi ƙarƙashin gado.

Hankurau magini shi ya cinye hanyar,
ba da mugunta ba,
taki ɗaya duk rani, ga mai aure, ga mai baƙi.
Amalanke ta daina shiga shekarar da aka haife ni,
jaki ya daina shekarar da aka sa ni lakwal.
Yanzu ɗan kabu-kabu sai ya lanƙwashe madubi,
mai garuwa ya shiga a kaikaice kamar mai jin kunya.

Gawon yana nan, cikin ɗakin Barmo tela.
An huda kwano an bar masa wuya.
A jikinsa ake rataye rigunan salla.

In ka yi atishawa a gidanmu
gida uku ke yi maka addu'a.
Mun san tukunyar da ta ga nama,
mun san wanda aka biyo bashi da asuba,
mun kuma san yadda ake gaishe shi da hantsi
kamar ba mu ji ba.
Indararon Kuluwa a tsakar gidanmu yake zuba,
namu a na Cindo,
duk damina ana faɗa, duk kaka ana aika fura.
Rana takan leƙo da azahar, ba ta zama,
mata na rabon ta da igiyar shanya.

Mutanen meri sun taɓa zuwa da taswira.
A takardarsu, nan fili ne.
Suka shafa jan fenti a bango goma sha biyu,
suka juya, hanya ta ɓace musu.
Wata yarinya mai tallar ƙuli ta fid da su bakin titi,
ta karɓi dala biyar.
Fentin ya koɗe. Ba su dawo ba tukuna.

Ranar da Nomau ya cika
makara ta ƙi kwanar farko.
Aka karkata ta, ta ƙi.
Sai maza suka hau katanga,
hannu ya miƙa wa hannu,
ya bi ta saman ɗakunan da ya ce a gina,
ta saman rijiya, ta gefen gawo,
mata na janye shanya don ya wuce.
Shi da ya bar wa raƙuma biyu hanya.

Ba a yi bakwai ba wani ya yi sallama,
jaka a kafaɗa, ƙurar Dakoro a ƙafa.
Na dubi ɗakin tsoho, tabarmarsa ko naɗewa ba a yi ba.
Na buɗe baki in ce babu wuri.

Abin da ya fito, a matsa kaɗan.